Awa 20 a mako: shin ɗalibi a Birtaniya zai iya wuce iyaka yau ya rama gobe?

"Assalamu alaikum Malam. Ina karatun digiri na biyu na shekara ɗaya a wata jami'a a arewacin Ingila, na shigo a watan Satumba. Ina aiki a gidan kula da tsofaffi awa 18 a mako, wani lokaci kuma wata ejensi tana kirana aikin sito. Tun watan Mayu muka gama shiga aji, saura rubutun kundin kammalawa kawai. Manajata ta ce in ina so za ta ƙara min duti. Abokin zamana ya ce ba komai, ai in na yi awa 30 wannan makon sai in yi 10 mako mai zuwa, lissafi ya daidaita. Wani kuma ya ce zai ara min asusunsa na kai abinci da keke, wai wannan ba ya shiga lissafi. Ga shi jami'a tana bina kason ƙarshe na kuɗin makaranta, a gida kuma canji ya sha kansu. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba da sa'ar karatu, ya kuma buɗa hanya. In na fahimce ka, abu uku kake tambaya: ko ana iya raba awannin tsakanin mako da mako, ko lokacin rubuta kundi hutu ne, da kuma ko aikin kai abinci yana wajen lissafi. Amsar ukun duka a'a ce. Amma akwai ta huɗu da ba ka jera a cikin tambayoyin ba, ita ce bashin makaranta, kuma ita ce take tura ka. Aikina ba ɗaliban ƙasashen waje shawara ne a wata jami'a a nan Ingila, kuma a duk bazara wannan maganar ce take cika mana ofis. Saboda haka bari mu bi ta a hankali.

Abin da ke rubuce a bizarka

Bizar ɗalibi ta yanzu ta maye gurbin wadda ake kira Tier 4 a watan Oktoban 2020. Wanda yake karatun digiri na farko ko sama da haka, na cikakken lokaci, a jami'ar da gwamnati ta amince da ita, an yarje masa aikin awa 20 a mako lokacin zangon karatu, da aiki ba ƙayyadadden awa lokacin hutu. Wanda karatunsa bai kai matakin digiri ba, awa 10 ne. Wanda yake digiri na biyu na wucin gadi, wato ba na cikakken lokaci ba, ba shi da izinin aiki ko na minti ɗaya. Tun da aka daina amfani da katin izinin zama na BRP a ƙarshen 2024, sharuɗɗan suna cikin asusunka na eVisa, wato bizarka ta intanet. Ka buɗe shi ka karanta da idonka kafin ka saurari kowa, har ni.

Inda abokin zamanka ya kauce shi ne ma'anar mako. Dokokin shige da fice na Birtaniya sun fayyace shi: kwana bakwai ne da suke farawa daga Litinin. Kowane mako yana tsaye da ƙafarsa. In ka yi awa 10 a wannan makon, sauran goman sun tafi, ba ajiya ba ne da za ka ɗauko gaba. In kuma ka yi 30, ka karya sharaɗin biza a wannan makon, ko da ka kwanta a ɗaki wata guda bayan nan ba ka fita aiki ba. Ina zargin wannan fatawa ta ramuwa daga Ostareliya ta samo asali, don a can lissafinsu awa 48 ne a mako biyu tun watan Yulin 2023. Kanada kuma ta mai da nata awa 24 a mako a watan Nuwamban 2024. Sai ka ga a zauren WhatsApp ɗaya akwai na Toronto, na Sidni da na Bradford, kowa yana faɗar abin da ya sani, sai maganar wata ƙasa ta zama doka a wata.

Abu na biyu, awa 20 ɗin naka ne kai mutum ɗaya, ba na kowane wurin aiki ba. Awa 18 na gidan tsofaffi da duk abin da ejensi ta ba ka a sito, haɗa su ake yi. Wato a makon da ka cika 18 ɗinka, awa biyu kacal suka rage, kuma ban san siton da yake kiran mutum aikin awa biyu ba. Duk makon da ka amsa kiran ejensi ba tare da ka rage dutin gidan tsofaffi ba, akwai yiwuwar ka riga ka haye. Manajarka ba ta san me ka yi a sito ba, ejensi ba ta san me ka yi a gidan tsofaffi ba. Kowannensu zai duba littafinsa ya ga kana ƙasa da 20, ya ce lafiya lau. Kai kaɗai ne kake ganin jimillar.

Inda awanni suke zamewa

Yawancin ɗaliban da na ga sun faɗa matsala ba da gangan suka yi ba. A ƙananan wurare ake zamewa, musamman a irin aikinka. Ɗauki dutin dare na Lahadi, daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safiyar Litinin. A jadawalin manaja duti ɗaya ne, an rubuta shi a layin Lahadi. A lissafin biza kuwa, awa 4 na farko suna cikin makon da yake ƙarewa, awa 8 na bayan sha biyun dare sun faɗa sabon mako. Mutum ya tashi da safe yana ganin makonsa fari tas, ya karɓi dutin awa 12 ranar Laraba da wani na awa 6 ranar Asabar, yana lissafin 18, alhali 26 ya yi.

Sai kuma miƙa aiki. Dutinka ya ƙare ƙarfe 8, amma mai karɓarka ta makara a bas, ko wata tsohuwa ta faɗi ana jiran motar asibiti, ba yadda za a yi ka ɗauki jakarka ka fita. Minti 40 nan, rabin awa can, duk aiki ne. Horon da ake biyan ka ka zauna, ko na kan kwamfuta ne kana ɗakinka, aiki ne. Taron ma'aikata aiki ne. Dutin kwana, wanda ake ba ka ɗaki ka yi barci a wurin ko da za a buƙace ka cikin dare, ni shawarata kullum ita ce ka lissafa shi gaba ɗaya, don ba ka son ranar da za ka tsaya gaban jami'i kana gardamar ko barci aiki ne. Hutun cin abinci da ba a biya galibi ba a lissafa shi, amma sai in takardar shiga da fita ta nuna shi a fili.

Shi ya sa nake cewa wanda ya tsara makonsa a kan awa 20 cif-cif ya riga ya shirya wa kansa tarko. Sha takwas ɗin nan da kake kai ba laifi, ka bar biyun su zama na ko-ta-kwana. Ka samu ƙaramin littafi, ko ka buɗe shafi a wayarka, kowace Litinin sabon layi: rana, wurin aiki, lokacin shiga, lokacin fita. Ka riƙa ɗaukar hoton jadawali da takardar sa hannu, ka adana takardun albashi duka. Dalili shi ne takardar albashi takan yi ƙarya ba da niyya ba. In aka biya ka bashin wani mako tare da na wannan, ko aka haɗa maka kuɗin hutu, sai takardar ta nuna kamar ka yi awa 35 a mako ɗaya. Littafinka da hotunan nan su ne za su wanke ka.

Wani abin da mutane ba sa tsammani: ba sai an biya ka ba ne yake zama aiki. In wata ƙungiya ko shago ta sa maka ranaku da lokuta, akwai aikin da ake jiran ka yi, to ko ba albashi yana shiga cikin 20 ɗin. Taimakon sa-kai na gaske, wanda in ka ga dama ka je in ba ka ga dama ba ka zauna, kamar share masallaci ranar Juma'a ko raba abincin buɗa-baki, wannan ba ya shiga.

Lokacin kundi ba hutu ba ne

Nan ne ɗaliban digiri na biyu suka fi yawan faɗawa. 'Yan digiri na farko suna tattara kayansu a watan Yuni, harabar jami'a ta yi tsit, ɗakunan karatu a rufe, sai kai ma ka ji a jikinka hutu ya zo. Amma hutu a idon Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida shi ne abin da jami'arka ta rubuta a matsayin hutu ga kwas ɗinka, ba ga jami'ar gaba ɗaya ba. A yawancin jami'o'i, digiri na biyu na wata 12 yana da hutun Kirsimeti da na Ista kawai. Daga Yuni zuwa Satumba ana ɗaukar ka a matsayin mai cikakken karatu, ko da ba ka taka aji ba, saboda kundin wani ɓangare ne na kwas ɗin. Don haka kana kan awa 20 har zuwa ranar ƙarewar kwas da ke kan takardarka ta CAS, wato shaidar karɓarka da jami'a ta ba ka ka nemi biza da ita.

Kar kuma ka ce bari in yi sauri in miƙa kundin a watan Yuli in samu 'yanci. Jami'o'i da yawa ba sa ɗaukar miƙawa da wuri a matsayin kammalawa. Haka nan in aka ƙara maka lokaci, ko aka ce ka sake wata jarrabawa, to zangonka ya ƙara tsawo ke nan. Abin yi mai sauƙi ne: ka nemi takardar ranakun zango daga ofishin rajista, wadda ta ambaci kwas ɗinka. Doka ma ta wajabta wa mai ɗaukar ɗalibi aiki ya karɓi shaidar ranakun zango da hutu ya ajiye. Manajar da ta ce za ta ƙara maka duti ba tare da ta nemi wannan takarda ba, ko dai ba ta san dokar ba, ko ƙarancin ma'aikata ya rufe mata ido. Ba lallai mugunta ba ce. Amma tun 13 ga Fabrairun 2024 tarar da ake cin mai ɗaukar aiki ta kai fam 45,000 a kan kowane ma'aikaci a karon farko, fam 60,000 in ya maimaita. Ranar da bincike ya zo, kamfani kansa zai fara cetowa, kuma hanyar da ta fi masa sauƙi ita ce ya ce kai ne ba ka faɗa musu gaskiya ba.

Asusun aro da sana'ar gefe

Wannan ta fi ta farkon muni, kuma ina roƙonka ka cire ta daga ranka. Bizar ɗalibi ta hana mutum aikin kansa ko kasuwanci kwata-kwata, ba maganar awa ba ce. Masu kai abinci na Deliveroo da Uber Eats da makamantansu ana ɗaukar su masu aikin kansu ne, ba ma'aikatan kamfani ba. Saboda haka ko awa ɗaya ka yi ka saɓa. Yin sa da asusun wani kuma ya ƙara maka laifin ɓoye kama, ya jawo shi ma mai asusun. Kamfanonin sun ƙara tsaurara tantance fuska a 2025, jami'an shige da fice kuma suna tare masu keke a bakin gidajen abinci suna duba waya.

Haramcin bai tsaya kan keke ba, kuma a nan mutanenmu suke yawan mamaki. Mai yin kitso ko lalle a ɗakinta tana karɓar kuɗi, mai dafa tuwo da masa yana tallatawa a WhatsApp, mai sayar da turare da yadi da aka kawo masa daga Kantin Kwari, mai aski, mai bin gidaje yana koya wa yara karatu ana sallamar sa a hannu, mai zana wa mutane shafin intanet ana biyan sa aiki-aiki, duk waɗannan aikin kai ne a idon doka. A wurinmu neman na kai abin yabo ne, ba wanda zai ce wa mai sayar da turare ya yi laifi. A nan kuwa sharaɗin biza ne. Ko kamfani ne a Abuja yake biyan ka da naira kana yi masa aiki ta kwamfuta, muddin jikinka yana Birtaniya, awannin suna shiga cikin 20, in kuma ba ma'aikacinsu ba ne kai, kwangila ce kake karɓa, ta koma aikin kai. Buɗe kamfani, zama daraktansa, ko aiki a kamfanin da kake da kashi 10 cikin ɗari ko fiye na hannun jarinsa, duk an hana.

Yadda ake ganewa, da abin da ke biyo baya

Za ka ji ana cewa ai wane ya shekara yana yi ba abin da ya same shi. Gaskiya ne, akwai su. Amma ka san yadda tsarin yake. Duk lokacin da aka biya ka albashi, mai aikin yana aika bayanin ga hukumar haraji ta HMRC da lambar inshorarka ta ƙasa, kuma Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida tana iya neman wannan bayani. Aiki biyu, uku, duk suna taruwa a ƙarƙashin lamba ɗaya. Sau da yawa ba a ranar ake kama mutum ba. Sai ya gama karatu, ya zo neman bizar bayan kammalawa ko bizar aiki, ko yana dawowa daga gida aka tsayar da shi a filin jirgi, sannan tsohon lissafi ya taso. Masu karɓar kuɗi a hannu don kauce wa wannan kuma sun miƙa wuyansu ne: mai gidan ya san sirrinka, zai biya ka ƙasa da ƙa'ida, ya riƙe maka kuɗin mako biyu, ba ka da bakin kai ƙara.

Hukuncin ba ƙarami ba ne. Ana iya soke bizar, karatun ya tsaya a nan, kuɗin da aka riga aka biya ya tafi. Tun watan Yulin 2016 yin aiki ba bisa izini ba laifi ne da kotu za ta iya ɗaure mutum har wata shida a kai, ko ta ci shi tara, kuma ana iya ƙwace abin da ya samu. Ana iya hana mutum dawowa ƙasar na shekara ɗaya zuwa goma, gwargwadon yadda ya fita, kuma goman tana kan wanda aka fitar da ƙarfi ko wanda ya yi ƙarya a takarda. An je neman ƙiba an samo rama ke nan.

In ka duba littafinka ka ga ka riga ka haye a wasu makonni, ka tsaya daga yau, ka tattara takardun, kar ka goge komai kuma kar ka nemi a gyara maka jadawali. Kuskuren rabin awa sau ɗaya ba ɗaya yake da wata uku ana awa 40 ba, amma ba zan iya yi maka alkawarin yadda jami'i zai kalli naka ba, kuma ban ga takardunka ba. Wannan matakin na lauya ne, ko mai ba da shawara da ke da rajista da hukumar da a da ake kira OISC, wadda ta koma Immigration Advice Authority a Janairun 2025. Ka kuma san cewa jami'a, a matsayinta na mai ɗaukar nauyin bizarka, wajibi ne a kanta ta kai rahoto in ta tabbatar ɗalibi yana saɓa sharaɗi. Don haka kafin ka buɗe cikinka a kowane ofis, har irin namu, ka fara tambayar iyakar sirrin da za su riƙe maka. Ofishin shawara na ƙungiyar ɗalibai galibi zaman kansa yake yi, ƙungiyar UKCISA mai ba ɗaliban ƙasashen waje shawara kuma tana da layin waya na ɗalibai.

Bashin makarantar

To, mu koma kan abin da yake hana ka barci. Mafi ƙarancin albashi ga mai shekara 21 zuwa sama ya zama fam 12.21 a awa a Afrilun 2025. Awa 20 a kan haka fam 244 ne a mako, wajen fam 1,058 a wata. A farkon shekarar 2025, abin da gwamnati ta ce ɗalibi a wajen Landan ya nuna yana da shi don ci da sha da haya fam 1,136 ne a wata. Ka ga ko ka cika awanninka tsaf, ba su kai kuɗin zaman ba, balle na makaranta. Ba a tsara su don su biya karatu ba. Mutanenmu da yawa sun taho da lissafin da aka yi lokacin da fam ɗaya yake ƙasa da naira 600 a farashin gwamnati. Aka saki naira a watan Yunin 2023, kafin farkon 2024 ya wuce fam ya haye 1,800. Filin da aka sayar don ya biya shekara guda sai ya biya zango ɗaya. Daga Janairun 2024 kuma aka hana masu irin digirinka zuwa da iyali, alhali a da mata ko miji ne yake aikin cikakken lokaci ya riƙe gida. Ba rashin dabararka ba ne, ƙasa ce ta motsa a ƙarƙashin kowa.

Amma duba abin da ƙarin awa goman nan zai kawo maka: kamar fam 120 a mako, kafin a cire haraji. Daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba wajen fam 2,000 ne kawai. A kan wannan ne za ka jingina digirin da aka kashe wa dubban fam, da bizar bayan kammalawa wadda take ba mutum damar aiki ba iyakar awa, har da aikin kansa.

Abin da na ga yana aiki shi ne zuwa ofishin kuɗi na jami'a kafin ranar biya ta wuce, ba bayan an rufe maka asusun karatu ba. Kunya takan hana mutanenmu, sai su yi shiru, wasiƙu suna shigowa ba a buɗewa. Ka je da alƙaluma a rubuce: ga abin da ake bina, ga abin da zan iya biya duk wata yanzu, ga kuma abin da zan iya daga Oktoba. Wannan na ƙarshen shi ne ƙarfinka. Kwas na wata 12 ko fiye ana ƙara masa wata huɗu a kan bizar bayan ranar ƙarewa, wanda ya kai wata shida amma bai kai 12 ba kuma wata biyu, don haka ka duba naka. A wannan tsakanin kana da izinin aikin cikakken lokaci, in dai ba gurbin dindindin ka cike ba. Awa 40 a mako a kan mafi ƙarancin albashi ya haura fam 2,000 a wata kafin haraji. Ba kowace jami'a ce take yarda ba, amma da yawa sun fi son tsarin biya a rubuce da su rasa kuɗin gaba ɗaya. Ka tambaye su ƙarara ko bashin zai hana su sanar da gwamnati ka kammala, domin sai da wannan sanarwar ake ba da bizar bayan kammalawa, kuma dole ka nema kafin ta ɗalibin ta ƙare. Ka kuma tambayi asusun tallafin ɗalibai masu matsi. Ba ya biyan kuɗin makaranta yawanci, amma in ya ɗauke maka hayar wata ɗaya, albashin watan ya tafi kan bashi.

Masu ce maka ka ajiye karatun ka koma bizar aiki kuwa, tun 17 ga Yulin 2023 aka toshe wannan ƙofa ga wanda bai gama kwas ɗinsa ba. Ita kuma manajarka, ka gode mata, ka kai mata takardar ranakun zangonka, ka ce ta rubuta sunanka a jadawalin cikakken lokaci daga ranar da CAS ɗinka ta nuna. Gidajen tsofaffi ba sa rabuwa da neman hannu, dutin zai jira ka.